Yadda ake yi wa katunan 'yan wasa da rigunansu inshora

A watan Agustan 2022 aka buga gwanjon wani ɗan kwali da bai wuce tafin hannu ba, aka saye shi dala miliyan 12.6. Hoton Mickey Mantle ne a jiki, ɗan wasan besbol na Amurka, kamfanin Topps ya buga shi a 1952, lokacin da yara ke samun irinsa a cikin ƙunshin cingam. Wata uku kafin nan, kamfanin gwanjo na Sotheby's ya sayar da shuɗiyar rigar da Maradona ya sa ranar da ya ci Ingila ƙwallo da hannu a 1986, a kan fam miliyan 7 da ɗoriya. Steve Hodge, ɗan wasan Ingila da suka yi musayar riga bayan an tashi, shi ya riƙe ta shekara 36.

Mafi yawan masu tara irin waɗannan kaya a Amurka da Ingila ba su da ko ɗaya mai wannan tsadar. Abin da suke da shi akwatuna ne na katuna, da 'yan riguna masu sa hannu, da ƙwallo, da tsofaffin tikiti, waɗanda in aka haɗa za su kai kuɗin mota, wasu ma kuɗin gida. Dukiya ce da kofin shayi ɗaya zai lalata, ɓarawo kuma zai iya zuba ta a aljihu ya fita ta ƙofa. Shi ya sa ake yi mata inshora. Abin da ya kamata ka riƙe tun daga nan shi ne, kamfanin inshora ba ya biyan abin da ka mallaka, abin da ka iya tabbatar masa ka mallaka yake biya. Kusan duk aikin da ke gabanka na takarda ne, kuma kafin asara ake yin sa, don ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na farko: buɗe takardar inshorar gidanka

Da yawa suna zaune da tunanin cewa tunda gidan yana da inshora, duk abin da ke ciki ya shiga. Ɗauko takardar, ka nemi sashen da aka jera kayan da aka yi wa iyaka ta musamman. Nan za ka ga kuɗi, da gwal, da kan sarki, a wasu kamfanonin har da katunan wasa, kowanne da ɗan adadin da ba za a wuce ba komai yawan asararka. Ka kuma duba musabbabin da aka yarda da su. Inshorar gida da aka saba yi a Amurka tana jera su ne: gobara, sata, guguwa, fashewar bututun ruwa da makamantansu. In ɗanka ya lanƙwasa kati, ko ka nemi riga ka rasa ba tare da alamar fasa ƙofa ba, babu ruwansu.

Ambaliya kuwa ba ta cikin inshorar gida da aka saba yi a Amurka. A Amurka shiri ne daban na gwamnatin tarayya, kuma shi ma ya yi wa zane-zane da kayan tarihi da katunan wasa iyaka, dala 2,500 a haɗe. Kayan da aka ajiye a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, inda mutane suka fi son jibge akwatuna, galibinsu ba a biyan su.

In ka karanta ka ga iyakar ta rufe abin da kake da shi, to ka huta, ba ka buƙatar sauran bayanin nan. In ba ta rufe ba, mu ci gaba.

Mataki na biyu: ƙidaya

Wannan ne aikin da kowa ke gudu, kuma shi ne ƙashin bayan komai. Buɗe jadawali a kwamfuta, kowane abu mai daraja ya samu layinsa: shekarar da aka buga shi, kamfanin da ya buga, sunan ɗan wasa, lambar katin, makin da aka ba shi in an tantance shi, lambar shaidar da ke jikin robarsa (bayanin waɗannan na mataki na uku), ranar da ka saya, wurin da ka saya, nawa ka biya, nawa yake a yau. Ɗauki hoton gaba da baya cikin haske mai kyau, yadda kusurwoyi huɗun za su fito, don a kusurwa da gefe darajar kati take. Riga kuma ka ɗauki lambarta, da tambarin ciki na wuya, da ɗinki, da duk wani tabo ko yagewa. Wannan tabon da kake jin kunyarsa, shi ne zai bambanta rigarka da dubban irinta.

Kada ka ɓata lokaci wajen rubuta katuna dubu biyar ɗaya bayan ɗaya. Daga wajen 1987 zuwa 1994 kamfanoni sun buga katuna kamar ba gobe, har masu harkar suka raɗa wa zamanin sunan tarkace, kuma mafi yawan na lokacin ba su kai kuɗin kwalin da aka zuba su ba. Irin waɗannan ka ƙirga su akwati-akwati, ka ɗauki bidiyo kana buɗewa kana faɗin abin da ke ciki, shi ke nan.

Rasit, da saƙon imel na ciniki, da takardar gwanjo, duk ka haɗa. Sannan ka ajiye kwafi a wajen gidan: a intanet, da kuma hannun wani amintacce. Wutar da ta ci katuna ba za ta tsallake kwamfutar da ke kan tebur ba.

Mataki na uku: tabbatar da cewa na gaske ne

Nan zan daɗe, don nan ne kuɗi ke ɓacewa. Inshora ba ta biyan jabu. In ka sayi riga dala dubu biyar, ka shekara goma kana biyan kuɗin inshorarta, ranar asara aka gano sa hannun na bogi ne, to kuɗin tsumma za a lissafa maka, in ma an lissafa.

A ɓangaren katuna, akwai kamfanonin da aikinsu ke nan. PSA ne mafi girma, an kafa shi a 1991, sai Beckett, da SGC, da CGC. Za ka aika musu kati, su duba ko na asali ne, su duba ko an taɓa shi, su ba shi maki daga 1 zuwa 10, su rufe shi a cikin roba mai tauri da lambar shaida. Wannan lambar tana cikin rumbunsu, kowa zai iya dubawa a intanet. Amfaninta ga inshora biyu ne. Na ɗaya, ta kashe gardamar yanayin katin: ba sai ka rantse cewa sabo ne fil ba, maki ya faɗa. Na biyu, in an sace shi ya ɓulla a kasuwa, lambar za ta tona. Tazarar da ke tsakanin maki 8 da maki 10 a kati iri ɗaya kan kai ninki goma ko fiye, saboda haka katin da ba shi da maki, kamfanin inshora zai ja shi ƙasa iya ƙarfinsa, kai kuma ba ka da abin kare kanka.

Ba kowane kati ne ya cancanci a kai shi ba, don tantancewar kuɗi ce, kuma kuɗin yana hawa da darajar katin. Ka zaɓi manyan.

Kada kuma ka ɗauki robar a matsayin wahayi. Katin da PSA ya fara tantancewa a tarihinsa shi ne na ɗan wasan besbol Honus Wagner, ɗaya daga cikin waɗanda kamfanin taba na American Tobacco ya buga tsakanin 1909 da 1911. Wayne Gretzky, gwanin hoki na ƙanƙara, shi da abokin haɗin gwiwarsa suka saye shi dala 451,000 a 1991, aka ba shi maki 8. Shekaru bayan haka, dillali Bill Mastro ya amsa a gaban kotu a 2013 cewa ya datse gefen katin don ya yi kyau, aka ɗaure shi. In mafi shaharar kati a duniya an yi masa aski, naka fa?

Sa hannu ya fi kati haɗari. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta yi wani samame da ta kira Operation Bullpen, ta tarwatsa gungun masu buga sa hannun jabu a California, kuma abin takaicin shi ne kayan nasu suna tafe da takardun shaida, su ma na jabu. Don haka takardar da mai shago ya buga da kansa ba ta da wani nauyi. Waɗanda kamfanonin inshora da gidajen gwanjo suka fi karɓa su ne na kamfanonin tantance sa hannu irin su PSA/DNA, da JSA, da Beckett, ko shaidar da ƙungiya ko hukumar wasan ta bayar da kanta.

Rigar da aka buga wasa da ita kuwa, hanyar da ta fi ƙarfi ita ce daidaita ta da hoto. Masana za su ɗauko hotunan wasan masu kaifi, su gwada zare da zare, inda lamba ta karkace, inda ɗinki ya tattare, har su ce wannan ce, a wasa kaza. Da Sotheby's ya fito da rigar Maradona, 'yarsa ta ce ai ta kashin farko ce, ba wadda ya ci ƙwallayen da ita ba. Da wannan gwajin hoton kamfanin ya kare kansa, aka yi ciniki. Ka auna da kanka: rigar Najeriya ta 1994 da aka sayo a shago abu ne, wadda Rashidi Yekini ya sa ranar da ya riƙe raga yana ihu bayan ya ci Bulgeriya wani abu ne daban, alhali a ido kusan ɗaya suke. Abin da ya raba su hujja ce. Wa ya ba ka, yaushe, a ina, akwai hoto, akwai wasiƙa? Rubuta labarin tun masu shaida suna raye.

Mataki na huɗu: yanke ƙima

Farashin da mutum ya rubuta yana nema ba shi ne ƙima ba. Kowa na iya yi wa akuyarsa kuɗin sa. Ƙima ita ce abin da aka biya, aka karɓa. Duba cinikin da aka kammala a eBay, da sakamakon gwanjon Heritage da Goldin, da shafin PSA na farashin gwanjo, ko shafin Card Ladder mai bin farashin katuna. Nemi kati iri ɗaya, maki ɗaya, na 'yan watannin nan, ka ɗauki ciniki uku zuwa biyar, ka tsaya a tsakiya. Ka ɗauki hoton shafin da kwanan wata ka haɗa da jadawalinka.

Abin da babu irinsa a kasuwa, kamar rigar wasa ko lambar yabo, sai mai ƙiyasi. A Amurka ka nemi wanda ke aiki da USPAP, wato ƙa'idar aikin masu ƙiyasi ta ƙasar, kuma ka gaya masa don inshora kake so, saboda ƙiyasin inshora kuɗin maye gurbi ake rubutawa, ba kuɗin da za ka samu in ka sayar da gaggawa ba. Ka guji mai ƙiyasin da ladansa kaso ne na ƙimar, haka ma wanda zai ƙiyasta sannan ya taya. Wanda ke son saye ba ya yabon kaya.

Mataki na biyar: zaɓen irin inshorar

Hanya biyu ce. Ko ka ƙara wa inshorar gidanka wani rataye na musamman da aka jera kayan a ciki, ko ka je wajen kamfanin da harkarsa ke nan. A Amurka akwai irin su Collectibles Insurance Services da American Collectors Insurance, masu manyan tari kuma sukan je Chubb ko AXA XL. A Ingila Hiscox na cikin sanannu. A ganina, in tarin ya wuce na wasa, hanya ta biyu ta fi. Sun san mene ne maki 9, ba sai ka yi wa ma'aikaci darasi ba, suna rufe aikawa da tafiya, sannan in ka nemi diyya ba za ta taɓa tarihin inshorar gidanka ba.

Ko wacce ka bi, ga tambayar da ta fi kowace: da wane ma'auni za a biya ni? Akwai mai biyan ƙimar kaya bayan an cire tsufa, wannan na firji da kujera ne, bai dace da abin da tsufa ke ƙara wa daraja ba. Akwai mai biyan farashin kasuwa na ranar asara. Akwai kuma wanda ku biyu za ku yi ittifaƙi a kan adadi tun farko, a rubuta, in abin ya salwanta gaba ɗaya a biya wannan adadin ba ja-in-ja. Na ƙarshen nan shi ya dace da manyan kayanka. Ƙananan sai a yi musu inshorar dunƙule, adadi ɗaya ya rufe su duka, amma ka tambayi iyakar abin da za a biya a kan abu guda a cikin dunƙulen, don duk wanda ya haura iyakar dole a fitar da shi a rubuta shi da sunansa.

Kuɗin shekara yakan kama daga ƙasa da kashi 1 zuwa wajen kashi 2 cikin 100 na ƙimar, gwargwadon unguwarku, da irin tsaron gidan, da kason da ka yarda za ka ɗauka da kanka a kowace asara. Misali, tarin dala 30,000 a kan kashi 1 zai ci dala 300 a shekara. Kada ƙyashin wannan ya sa ka rage ƙima. A Ingila musamman akwai sharaɗin da ke cewa in ka yi inshorar rabin daraja, to rabin asararka za a biya, ko da asarar ba ta kai adadin da ka rubuta ba.

Wajen cike fom, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In an taɓa yi maka sata, faɗa. In ka ce akwai ƙararrawar tsaro, ta zama tana aiki. Sannan ka faɗi gaskiya a kan ko kai mai tarawa ne ko ɗan kasuwa. Wanda ke saye da sayarwa kowane mako, yana kafa tebur a wurin baje koli, inshorar 'yan kasuwa ce tasa, in ya fake da ta masu sha'awa, ranar biya za a ce masa kayan sana'a ne, ba sa ciki.

Wanda inshorar da aka saba ba ta kwanta masa ba ta fuskar addini, sai ya nemi takaful, wato inshorar da ta bi tsarin Musulunci. A Najeriya hukumar kula da inshora, NAICOM, ta ba kamfanoni irin su Noor da Jaiz lasisin yin ta. Tambayoyin ba su canza ba, kuma da yake ba kasafai ake kai musu irin wannan kaya ba, ka matsa a rubuta kowane abu da sunansa da ƙimarsa a jikin takardar.

Mataki na shida: karanta abin da aka cire

Shafin da ya fi muhimmanci a takardar inshora shi ne wanda aka rubuta da ƙananan haruffa. Kusan ko'ina za ka tarar an cire lalacewar da ke zuwa a hankali: koɗewa saboda rana, danshi, fumfuna, gara, kyankyasai, ɓera. An cire yaƙi da ƙwacen hukuma. An cire faɗuwar farashi, an cire sayen jabu. Da yawa sun cire kayan da aka bari a mota ba kowa, da wanda aka zuba a jakar da ke shiga cikin jirgi. Tambayi waɗannan huɗun da bakinka, kuma a ba ka amsa a rubuce: ambaliya da girgizar ƙasa suna ciki? Ɓacewar da ba a san dalilinta ba fa? In kati ya ɗan lalace, makinsa ya sauko daga 10 zuwa 7, za a biya tazarar? In ɗaya ya ɓace daga cikakken jeri, za a lissafa yadda darajar sauran ta faɗi?

Mataki na bakwai: ajiya

Tunda an cire rana da danshi, kai ne inshorarsu. Ɗaki mai sanyi daidai, danshin iska wajen kashi 40 zuwa 50, nesa da taga, nesa da bututun ruwa, a kan kanta ba a ƙasa ba. Rigar da za a rataye a sa mata gilashi mai tare hasken rana, don sa hannun tawada yana koɗewa har ya zama inuwa.

Akwatin ƙarfe mai jure wuta yana da nasa tarkon. Wanda aka saba sayarwa an yi shi ne don cikinsa kada ya wuce digiri 177 a ma'aunin Selshiyas, zafin da takarda ke jurewa amma robar kati ba lallai ta jure ba. Bangonsa kuma yana riƙe laima, saboda haka ka sa ƙunshin maganin danshi a ciki, ka riƙa buɗewa yana shan iska, ka kuma ɗaure shi da ƙasa da ƙusa. Ma'ajiyar banki tana da tsaro, amma bankin ba ya yi wa abin da ke ciki inshora. Akwai kuma rumbunan da aka gina don katuna kawai, kamar na PSA a jihar Delaware. In ka kai can, ka sanar da kamfaninka, sau da yawa kuɗinka zai ragu. Abu na ƙarshe, rage baje kolin tarinka a Facebook da Instagram. Ba masoya kaɗai ke kallo ba.

Mataki na takwas: hanya

Kati ya fi shiga haɗari ranar da ya bar gida, zuwa wurin tantancewa, ko gwanjo, ko hannun mai saye. Kada ka dogara da adadin da ka rubuta a takardar kamfanin aike. FedEx, alal misali, ya tsayar da alhakinsa a kan kayan tarawa irin katunan wasa a dala 1,000, ko nawa ka rubuta. Wasiƙa mai rajista ta gidan wayar Amurka inshorarta tana kaiwa dala 50,000, tana da jinkiri amma kowane hannu da ta bi sai ya sa hannu. Inshorarka ta musamman za ta faɗi hanyoyin aike da ta yarda da su da iyakar kowacce, kuma kusan kullum sai da sa hannun mai karɓa. Bi su sau da ƙafa. Ɗauki bidiyo kana naɗewa, kada kuma ka rubuta abin da ke ciki a bayan kwali.

Mataki na tara: waiwaye

Kasuwar nan ba ta zama wuri ɗaya. A zamanin korona mutane suka ruɗe da katuna, har PSA ya dakatar da karɓar mafi yawan aiki a 2021 saboda kaya sun yi masa yawa. A farkon shekarar aka sayar da katin ɗan wasan ƙwallon kwando Michael Jordan na kamfanin Fleer na 1986 mai maki 10 a kan dala 738,000, bayan shekara biyu irinsa bai kai rabin haka ba. Wanda bai sabunta ba lokacin hawa ya zauna da inshorar da ba ta isa ba, wanda bai sabunta ba lokacin sauka yana biyan kuɗin iska. Sau ɗaya a shekara ka zauna da jadawalinka. Sabon abin da ka saya kuma, kamfanoni da yawa suna rufe shi kai tsaye na 'yan kwanaki, ka san adadinsu, ka kai rahoto kafin su cika.

Ranar da abin ya faru

In sata ce, 'yan sanda tukuna, ka karɓi lambar rahoto, sannan ka kira kamfanin a ranar. Aika lambobin shaida ga kamfanin da ya tantance katunan don ya yi musu alama, ka sanar da manyan gidajen gwanjo da shagunan yankinku. In ruwa ne ko wuta, ɗauki hoto kafin ka taɓa komai, ka kwashe abin da ya tsira zuwa busasshen wuri, amma kada ka fasa roba, kada ka goge, kada ka sa a rana, kada ka zubar da ko wanda ya zama toka sai ma'aikacinsu ya gani. Duk maganar da kuka yi a waya, ka bi ta da imel. In adadin da suka yanke bai yi maka ba, duba takardarka, galibi akwai sashen da ya ba kowane ɓangare damar kawo mai ƙiyasinsa, a naɗa na uku ya raba gardama.

Ka kuma sani cewa da zarar an biya ka cikakkiyar diyya, kayan sun zama na kamfanin. Kayan sata sukan dawo: rigar Tom Brady, ɗan wasan ƙwallon ƙafa irin na Amurka, da ta ɓace daga ɗakin sauya kaya bayan wasan ƙarshe na 2017, a Meziko aka gano ta bayan 'yan makonni. In rigar da mahaifinka ya bar maka ce ta ɓulla bayan shekara uku, za ka so ka mayar da kuɗin ka karɓi abinka. Wasu kamfanonin suna yarda da haka, wasu sai an rubuta. Ka sa a rubuta tun ranar da za ka sa hannu.